Muryar Barmo da Ɗigon Jan Farce

Duk wanda ya zauna a Xiaobei, unguwar da mu 'yan Afirka muke saye da sayarwa a Guangzhou, ko da na wata uku ne, ya san Barmo. In bai san sunansa ba, to ya san muryarsa. Ni Ghali na san su duka biyun tun shekarar 2010, kuma ba zan ɓoye muku ba, na shafe shekara goma sha huɗu ina ƙaunar mutumin ina jin haushin muryar.

Barmo ɗan Maraɗi ne, ɗan gidan maƙera. Mahaifinsa yana ƙera garma da lauje da gatari a bayan kasuwa, shi kuma tun yana shekara bakwai aka zaunar da shi a bakin zuga-zugi. A maƙera ba a magana a hankali, dole ka ɗaga murya ta fi guduma, shi ya sa ko sannu Barmo ya ce maka sai ka ji ta a ƙirjinka. Tsohon nasa ya kurumce kafin ya cika hamsin. Barmo ya ba ni labari cewa ranar da ya tsaya a bayansa ya kira shi sau uku bai waiwayo ba, ranar ya ƙudura ba zai gaji wannan sana'a ba. Ya bi motocin kaya zuwa Kwatano, ya yi sarin batir da tocila, daga baya wani Alhaji ya turo shi China ya zame masa ido. Alhajin ya rasu, Barmo ya tsaya da ƙafarsa. Yana da ɗan ofis a hawa na tara na ɗaya daga cikin dogayen gine-ginen sari, teburi ɗaya da kujera biyu da butar shayi, sai wata 'yar gudumar tsohonsa da yake danne takardu da ita. Daga nan yake sayo wa 'yan Maraɗi da Yamai fitilun sola da injin niƙa, ya loda musu a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Iyalinsa suna Maraɗi, sau ɗaya yake zuwa a shekara, da babbar salla.

Bai yi boko ba. Ajami yake rubutawa, sai lambobi, don haka kasuwancinsa kaf da baki yake yin sa. Za ka gan shi yana ratsa cunkoso, waya a bakinsa, yana tura saƙon murya zuwa gida, ya juya ya ce wa mai shago laoban, wato maigida, a duba masa farashi. Mai shago ya ce meyo, babu. Barmo ya saki dariyar nan tasa, sai ka ga meyo ta koma akwai. Ni in na gwada irin wannan dariyar, kallona kawai ake yi.

Ni Bakano ne. Gyaran rediyo da amfilifaya nake yi a Sabon Gari kafin in zo nan in koma sarin lasifikoki. Kiɗan da ni da Barmo muke yi, wanda ake kira hebi metal, mai gita kamar ana yaga kwanon rufi, na fara jin sa ne a wani kaset da aka manta a cikin rediyon da aka kawo min gyara. Barmo kuma a motar wani direba ɗan Togo ya ji shi, ya ce ai wannan maƙerar gidansu ce aka jona wa lantarki. Mun haɗu a gidan taliyar wasu Musulmin China. Wayata ta yi ƙara da irin wannan kiɗa, ya juyo da tsinken cin taliya a hannu ya tambaye ni ko ni ma ina jin wannan haukar. Kafin mu gama cin taliyar mun kafa ƙungiya.

Muka samo Ilu, ɗan Zariya mai sarin kayan kwalliyar mata, ya riƙe gitar bes, mai kaurin sauti. Ganga kuma sai A Keung, ɗan asalin garin nan, mai tuƙa motar ɗaga kaya a wata ma'ajiya a Huangpu. Maigidansa ya bar mana wata tsohuwar kwantena mai ƙafa arba'in da ta yi tsatsa a bayan fili, muka lulluɓe cikinta da tsofaffin katifu, muka huda mata taga, muka ja wuta. Inda sunan ƙungiyar ya fito ke nan, Kwantena Arba'in. Kowace Lahadi bayan azahar muna ciki muna tsiyayar zufa har rana ta yi sanyi.

Ni nake rubuta waƙoƙin, ku riƙe wannan. Ni nake tsara kiɗan, ni nake zama da kalmomi a kan bizar da ta kusa ƙarewa, da kayan da suka maƙale a kwastan, da 'ya'yan da suke girma a gida suna saninmu a waya. Ni nake karanta wa Barmo su baiti-baiti har ya haddace, tunda ba ya karanta rubutuna. Amma da zarar ya buɗe baki ya saki gurnanin nan daga can ƙasan ciki, shi ke nan, waƙa ta zama tasa. Samarin China masu baƙaƙen riguna ba su san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, amma su yi ta kaɗa kai suna kiran Ba-mo, Ba-mo. Ni ina gefe, na yi wata biyu ina gwada wani jan gita na minti ɗaya har yatsuna suka yi kanta, ba wanda ya taɓa kiran Ga-li. Sau ɗaya na ce a bar min waƙa guda in rera da kaina. Ilu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zaci wasa nake, ni ma sai na yi dariyar na bar maganar.

Kuma ba a dandamali kaɗai ba. Mutanenmu na Xiaobei sun ce kiɗan aljanu muke yi, wasu ma suka rage sakar min fuska. To amma wa yake kiran salla a ɗan ɗakin da muke jam'i a hawa na tara? Barmo. Dattawa sun yi gunaguni, sun gwada mutum biyu, bayan mako guda suka dawo da shi, wai muryarsa tana sa mutum ya tuna gida. Wato ni mai kiɗan aljanu, shi ladan. Mai gidan taliya ma naman da take zuba masa ya fi nawa, na sha lura.

Abin da ya fi ci min rai shi ne bai ma san yana yi ba. Da mai girman kai ne da na samu abin kamawa. Ina! In an yaba masa sai ya nuna ni ya ce ga mai waƙar nan, mutane su gyaɗa min kai don kara, su koma kansa.

Yanzu bari in gaya muku maganar ɗigo, don a nan komai yake. Ba mu da mai kula da sauti. Miksa ɗaya gare mu, na'urar da ake daidaita ƙarfin kowane sauti da ita, ƙarama ce, a jaka nake ɗaukar ta duk inda za mu yi wasa, kuma ni nake haɗa ta tunda ni ne mai gyaran rediyo. A shekarunmu na farko kullum faɗa muke a kanta. Kowa so yake a ji shi. Ina murɗa gita sama, Ilu ya miƙo hannu ya murɗa bes, A Keung ya ƙara dukan ganga don haushi. Wata Lahadi a 2014 abin ya kai na jefi Ilu da takalmi, shi kuma ya ce ya bar ƙungiya. Barmo ne ya tare ƙofar kwantena da jikinsa ya ce ba mai fita sai an daidaita. Muka yini muna murɗawa muna saurare har kowa ya ce ya yarda da nasa. Ilu ya ciro kwalbar jan farce daga samfurin kayansa, ya ɗiga ja a jikin miksar daidai inda kowane maɓalli ya tsaya. Muka yi alkawari, A Keung ma ya ɗaga hannu, cewa daga ranar ɗigo ne alƙali, ba mai wuce shi, ba mai neman a wuce masa.

Ɗigon nan ya riƙe mu shekara tara. Ya riƙe mu lokacin da Ilu ya yi aure ya koma can unguwar Panyu, ya riƙe mu a shekarun annoba da rabin mutanen Xiaobei suka tattara suka koma gida. A cikin maɓallan akwai ɗaya na monita, wato 'yar lasifikar da ake ajiyewa a ƙasa gaban mawaƙi tana fuskantarsa, don ya ji muryar kansa a cikin hayaniya. Jama'a ba sa jin ta. Mawaƙi kaɗai take yi wa aiki, kuma in bai ji kansa ba zai yi ta ƙara ƙarfi bai san yana yi ba. Na san wannan sarai, sana'ata ce.

A farkon 2023, da gari ya buɗe, muka yi wasa da yamma a wani taron makaɗa a filin wata tsohuwar masana'anta a Panyu. Wani ya ɗauki bidiyo ya sa a intanet, kafin kwana uku mutum sama da miliyan sun kalla. Na buɗe da ɗoki. Fuskar Barmo ce daga farko har ƙarshe. Daidai inda jan gitana zai shigo aka yanke, abin da ya fito nawa gwiwar hannu ce kawai. A ƙasa an yi rubutu da Sinanci, A Keung ya fassara mana, wai ƙungiyar Barmo. Matata Radiyya ta kira daga Kano ta ce ta ga abokina a waya, ma sha Allah, ni ban je ba ne ranar?

Asabar ɗin da ta biyo baya ina shago, ba ciniki, miksa tana gabana wai ina share mata datti. Na samu auduga da ruwan goge farce, na goge ɗigon monitar Barmo, na ɗiga sabo ƙasa da shi kaɗan, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Kwalbar jan farcen ma irin ta Ilu ce, shi ya ba ni in kai wa Radiyya tsaraba. Na gaya wa kaina ba wani abu ba ne, so nake ya ɗanɗana yadda ake ji in kana iyakar ƙoƙarinka ba a jin ka. Ƙarya nake. Hassada ce tsagwaronta, kuma na ji daɗi da na yi.

Washegari a kwantena, muna tsakiyar waƙa ta biyu, Barmo ya ɗaga min yatsa sama, alamar in ƙara masa. Na nuna masa miksa. Ya sunkuya ya duba, ya ga maɓalli a kan ja, ya gyaɗa kai ya koma. Bai sake tambaya ba, domin Barmo in ya yi alkawari, ko shi zai cutu ba ya waiwaye. Sai ya ƙara ƙarfi. Abin takaici, gurnanin ya ƙara kyau, ya ƙara kaushi, Ilu har tafa masa yake yi. Na ce au, haka ne? Bayan wata uku na sake saukar da ɗigon. Sau huɗu na yi haka a cikin shekara ɗaya da 'yan watanni.

Na ga alamu, kada wani ya ce ban gani ba. Na ga ya fara yawo da kwalbar zuma da citta. Na ji kiran sallarsa na ranar Litinin yana fita a dishe, sai Laraba ya washe, daga baya har Juma'a ba ya washewa. Wata rana a jirgin ƙasa muna dawowa daga Huangpu ya matso ya ce min a hankali yana jin abin tsohonsa ne ya biyo shi, don kwanan nan ba ya jin kansa in muna kiɗa. Ya ce kada in gaya wa su Ilu. Ya je an duba kunnen, likita ya ce lafiya lau, amma bai yarda ba, ya ce haka aka ce wa tsoho ma da farko. Mutumin nan yana gaya min abin da ya fi tsoro a duniya, maganinsa kuma yana cikin jakar da ke kan cinyata. Na ce masa Allah ya sawwaƙe. Iyakar abin da na ce ke nan.

Na yi niyyar mayar da ɗigon a makon nan, wallahi na yi. Sai na tuna in na mayar da shi lokaci guda zai ji bambanci ya gane, na ce bari in bi a hankali. Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ban taɓa shi ba.

A watan Mayun 2024 muna gwajin wata sabuwar waƙa, ya ja dogon gurnanin ƙarshe, sai muryar ta yanke a tsakiya. Ya yi tari, ya tofa a hankici, muka ga jini. Ya buɗe baki zai ce ba komai, iska ce kawai ta fito. A Keung ya kai shi asibiti a motarsa. Likita ta zura masa 'yar kyamara a maƙogwaro, ta ce wani tsiro ne ya fito a kan jijiyar murya saboda tsananin ƙoƙari, ya kuma fashe, sai an yi aiki. Bayan aiki, mako uku ba magana ko ta raɗa, daga nan kalma kaɗan-kaɗan. Kuma ba ta yi alkawarin muryar za ta dawo yadda take ba.

Mutumin da abincinsa yake bakinsa fa. Saƙonni suka taru a wayarsa ba mai amsawa, sai na ce ni zan zauna masa. Kowa ya ce Ghali aboki ne na gaske, Ilu har rungume ni ya yi. Da hantsi in bar wa maƙwabcina shago in hau hawa na tara, Barmo ya yagi kwali ya rubuta da ajami, ni in yi ta haɗa baƙi da ƙyar, in danna waya in ce wannan Ghali ne a madadin Barmo, injinan niƙa sun shiga kwantena ranar Talata. Amsoshin su suka gama da ni. Kusan ba wanda ya fara da tambayar kaya. Dattawa da mata 'yan kasuwa, kowa mi ya samu Barmo, wannan ya ce an yi masa addu'a a masallacin unguwarsu, wata Hajiya ta fashe da kuka a tsakiyar saƙonta. Ku ji irin zuciyata kuma: ko a lokacin, ina saurare ina tambayar kaina, in ni ne na kwanta wa zai yi min wannan kukan?

A mako na biyu 'yarsa Zalika ta haihu a Maraɗi, ɗa namiji, jikansa na fari. Can da sassafe ne, mu nan ƙarfe ɗaya na rana. Tun tana da ciki ta roƙe shi, ko ta waya ne, shi zai yi wa jaririn kiran salla a kunne, don ta ce muryar da ta fara ji ke nan a duniya, tana so ɗanta ma ya fara da ita. Aka kira ta bidiyo. Ga jariri a cikin zani, an kara masa waya a kunnen dama, ana jira. Barmo ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Ya kalli wayar. Sannan ya miƙo min ita ya nuna bakina.

Na yi. Da muryata siririya mai rawa na yi wa jikan Barmo kiran salla, shi yana zaune kusa da ni, leɓɓansa suna bin kalmomin, hawaye yana sauka cikin gemunsa. Zalika ta yi min godiya, ta ce Baba Ghali Allah ya saka da alheri. Na ajiye wayar na fita, na tsaya a matakala. Shekara da shekaru ina so in tsaya a inda yake tsayawa, ga shi na tsaya, kuma ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba.

Na sauka shago na ɗauko miksa na dawo. Na ɗora ta a teburinsa, na kunna tocilar waya na karkata ta. Ruwan goge farce yana cin fenti, in ka haska daga gefe za ka ga inda ya dusashe. Ga tabo huɗu a jere, sama da ɗigon da yake nan yanzu.

"Kunnenka lafiya lau yake," na ce masa. "Ni ne. Ni na yi ta saukar da ɗigonka."

Ya kalli tabon, ya sa yatsa ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Na so ya mare ni, wallahi da na samu sauƙi. Ko zagi ba shi da halin yi, ni na hana shi. Ya jawo kwali ya rubuta kalma biyu, don mi. Na ce don ana kiran sunanka ba a kiran nawa. Sai da na faɗe shi a fili na ji ƙanƙantar dalilin, na ji kunya ta rufe ni. Ya sake rubutu ya juyo min da kwalin, yana tambaya ko ranar jirgin ƙasa na sani. Na ce na sani. Ya tashi ya buɗe ƙofa ya tsaya a gefenta har na fita. Miksar kuma ya riƙe ta.

Su Ilu ni na gaya musu da bakina ranar Lahadi. Ilu ya ci kwalata har riga ta yage, ya kira ni da sunayen da ba zan maimaita ba. A Keung ya ɗauki shayin da ya zuba min ya zubar a ƙasa, ya sa kofin a jaka. Ilu ya karɓi aikin saƙonnin. Wata biyu ba kwantena, ba waya. In na hango Barmo a layin masu abinci sai in sauya hanya. Na daina zuwa jam'i a hawa na tara, don wani ɗan Agadas ne yake kiran salla yanzu, kuma duk lokacin da ya fara sai in ga kamar kowa ni yake kallo, alhali Barmo bai gaya wa kowa ba, ya kuma hana Ilu faɗa.

Muryar ta dawo, amma ba ita ba ce. Ilu ne ya gaya min a tsaye a bakin shagona, ba tare da ya kalle ni ba. Ya ce Barmo yana magana, a dishe, a hankali, ta isa ciniki in ba hayaniya. Likita ta ce gurnani ya ƙare har abada, dogon jan kiran salla ma sai dai ya haƙura.

Ran nan da hantsi saƙo ya shigo wayata, sakan bakwai, murya kamar ana jan buhu a ƙasa. Ya ce Lahadi bayan azahar, in zo da gitata. Na saurare shi ya fi sau ashirin.

Na je. Kwantena tana nan da warinta na tsohuwar katifa da tsatsa. Barmo ya rame. Yana zaune a kan akwati a kusurwar da nake tsayawa a da, miksa a gabansa, ya jona wayoyin da kansa, biyu ma a juye, na gyara. A nan na lura ya goge ɗigona na ƙarya. Ya ɗiga sabo a kan tabo na farko, daidai inda Ilu ya sa shi shekara goma da suka wuce. Na fara jero kalmomin neman gafara da na yi kwanaki ina shiryawa, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bon, to. Ban yafe ba tukuna," ya ce. "Ina kan hanya. Amma Kwantena ba za ta mutu don kai ba, ba kuma don ni ba. Waƙoƙin naka ne, kai ka san su. Je ka tsaya can."

Ya nuna makirufo. Ilu ya yi tsaki ya kau da kai, amma ya saɓa bes ɗinsa. A Keung ya buga sanduna sau huɗu.

Na taka zuwa inda Barmo ya tsaya shekara goma sha huɗu, har katakon wurin ya lotsa daidai ƙafafunsa. Na yi zaton zai rama. Fata ma nake ya rama, ya saukar da ni ƙasa in yi ta ihu ba na jin kaina, ko na rage nauyin da ke kaina. Na buɗe baki na saki baitin farko na waƙar 'ya'yan da suke saninmu a waya. Monita ta dawo min da muryata tas, kowane harfi, kowace rawa, ba inda zan ɓuya. Siririya ce, ba ta da nauyi, ta kasa cika ko rabin wurin da tasa take cikawa. Duk shekarun nan ina cewa da an ba ni dama. To ga dama, ga kuma iyakar abin da nake da shi, saboda shi na kashe muryar da ake kuka dominta a Maraɗi.

Na kai rabin baiti na biyu na kasa jurewa. Na waiwaya na nuna masa yatsa ƙasa, alamar ya rage min, don girman Allah. Barmo ya kalle ni, ya sunkuya ya duba miksa, ya ɗora yatsa a kan ɗigon ja ya nuna min maɓalli yana daidai. Leɓɓansa suna nan suna bin kalmomin, ba sauti. Na juya ga makirufo na ci gaba.